Saƙa da kaɗi a cikin bas da jirgin ƙasa: me zai yiwu, kuma da me za a fara?

"Assalamu alaikum. Ina aiki a babban birni, kuma kullum nakan yi kusan minti 45 a hanyar zuwa wurin aiki da wasu 45 a hanyar dawowa, wani lokaci a bas, wani lokaci a jirgin ƙasa. Wata uku ke nan da na fara koyon saƙa da tsinke, kuma ina sha'awar koyon kaɗi domin in riƙa yin zarena da hannuna. Sau biyu na gwada saƙa a bas, madaukai suka yi ta zame mini, kaina kuma ya kama juyawa. Shin abu ne mai yiwuwa, ko in haƙura sai na koma gida? In zai yiwu, da me zan fara?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Idan na fahimce ki da kyau, abu uku kike son sani: ko ana iya saƙa a cikin abin hawa, me ya sa gwajinki na farko bai yi daɗi ba, sannan ko kaɗi ma zai iya bin ki hanya. Amsar ta farko ita ce eh, domin ni kaina na haura shekara goma ina yin haka, kuma mafi yawan safa da hulunan da na saƙa a tsawon wannan lokaci a kan kujerar jirgin ƙasa aka yi su. Sai dai akwai sharaɗi guda wanda duk sauran bayanina zai rataya a kansa, wato hanya ba wurin koyo ba ce. A gida ake koyo, inda akwai haske da natsuwa da damar warwarewa a sake, ita kuwa hanya wurin maimaita abin da hannu ya riga ya haddace ne.

Yin aikin zare ana cikin tafiya ba sabon abu ba ne a duniya. Matan tsibiran Shetland da ke arewacin Sikotland sun shahara da saƙa suna tafe da kaya a bayansu, suna soke ƙarshen tsinke guda a cikin wata ɗamarar fata da ke ƙugunsu domin hannu ɗaya ya sami sauƙi. A tsaunukan Andis na Peru da Bolibiya har yau ana ganin masu kaɗi suna murza mazari suna bin dabbobinsu kiwo. Mahatma Gandhi ma, lokacin da yake tsare a kurkukun Yerawada da ke Indiya a shekarar 1930, ya yi aiki a kan ƙaramar na'urar kaɗi mai naɗewa cikin akwati, wadda za a iya ɗauka a tafi da ita ko'ina. Abin lura a nan shi ne dukansu sun daidaita kayan aikin da yanayin tafiyar, kuma aikin da suke yi ya zauna musu a hannu har ba sa buƙatar kallonsa. Ke kuma kina da minti 90 a kowace rana, wato awa bakwai da rabi a kwana biyar na aiki, kusan awa 30 a wata. Wannan ba ƙaramin lokaci ba ne ga mai saƙa.

Dalilin juyawar kai da zamewar madaukai

Juyawar kan da kika ji iri ɗaya ce da wadda ke kama mai karatu a mota. A can cikin kunne akwai sashen da ke jin motsi da karkatar jiki, kuma shi ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa ana tafiya, ana kwana, ana taka birki. Idan kika kafa ido a kan saƙar da ke cinyarki, idon zai ce ba a motsi, kunnen kuma ya ce ana yi, sai ƙwaƙwalwa ta rasa wanda za ta gaskata, daga nan jiri da tashin zuciya su biyo baya. Bas ta fi jirgin ƙasa jawo wannan, saboda tana yawan tsayawa da tashi da kwana, shi kuwa jirgi yana tafiya a kan miƙaƙƙiyar hanya da gudu kusan iri ɗaya. Zama kina fuskantar inda aka nufa yana taimakawa, haka zama a gaba ko tsakiyar bas maimakon kujerun baya da suka fi jijjiga, haka ma samun iska a fuska. Amma duk waɗannan rage zafi ne kawai. Maganin na gaskiya shi ne ki koyi saƙa ba tare da kallo ba, ta yadda idonki zai kasance a kan taga yana ganin abin da kunne ke ji.

Wannan ba shi da wuya kamar yadda ake zato. Ki sami zare mai kauri, mai launi mai haske, ki zauna a gida minti goma kowane dare, ki ɗaga kai ki dubi bango. Ki bar yatsan manuni na hagu ya tura madauki na gaba zuwa bakin tsinke, babban yatsa kuma ya taɓa shi ya tabbatar guda ɗaya ne ba biyu ba, sannan tsinken dama ya shiga. Da farko za ki yi madauki uku ki duba, daga baya goma, har ki kai ga gama layi ba ki sunkuyar da kai ba. Yawancin waɗanda na koyar sun kai ga haka cikin mako biyu zuwa uku. Akwai kuma 'yan kaɗan da jirin bai sake su ba ko bayan sun iya, kuma ga irin waɗannan shawarata ita ce su bar bas, su tsaya a kan jirgi da lokacin jira a tasha, domin ba a yin abin sha'awa da tashin zuciya.

Zamewar madaukai kuwa, ina kyautata zaton laifin tsinken ne. Masu koyo galibi da miƙaƙƙun tsinkayen ƙarfe suke farawa, masu tsawon santimita 35 ko kusa da haka, kuma waɗannan su ne mafi rashin dacewa da abin hawa. Suna da santsi, don haka jijjiga kaɗan ta isa ta zubar da madaukai, ƙarshensu yana zungurar wanda ke zaune kusa da ke, kuma in direba ya taka birki da ƙarfi dogon ƙarfe mai tsini a gaban ƙirji haɗari ne. Abin da ya dace da ke shi ne tsinken zagaye, wato gajerun tsinkaye biyu da aka haɗa bayansu da siririyar igiya mai laushi. Nauyin saƙar yana zama a kan igiyar a cinyarki, gwiwar hannunki ba ta fita daga jikinki, kuma in tsayawa ta zo kwatsam sai ki tura madaukan duka zuwa tsakiyar igiya ki naɗe, babu wanda zai faɗi. Ki zaɓi na gora ko na katako, domin suna riƙe zare fiye da ƙarfe. Ana iya saƙa shimfiɗaɗɗen abu kamar mayafi da shi, ana juyawa a ƙarshen layi kamar yadda kika saba.

Akwai kuma gajerun tsinkaye masu baki biyu da ake amfani da huɗu ko biyar a lokaci guda wajen saƙa safa, kuma ba na ba da shawarar shiga abin hawa da su. Wata safiya ina amfani da su a jirgi, na gama tsinke guda na ciro shi zan juya, sai jirgin ya girgiza a mahaɗar layi, wani tsinken ya sulɓe daga cikin saƙar ya gangara ƙarƙashin kujeru tsakanin ƙafafun jama'a. Madaukai 16 suka rage a rataye babu abin da ke riƙe da su, na danne su da yatsu har tashar da zan sauka, kuma kafin in isa guda huɗu sun warware sun gangara ƙasa. Tun ranar na koma saƙa safa da tsinken zagaye mai igiya santimita 80, ana raba madaukan gida biyu ana jawo rarar igiyar ta gefe.

Abin da ya dace a saƙa a hanya

Kafin in saka aiki a jaka nakan tambayi kaina ko zai zauna a cinyata bai zubo kan maƙwabci ba, ko zan iya yin sa ba tare da ƙirga ba, da kuma ko zan iya ajiye shi a tsakiyar layi cikin daƙiƙa biyar in sake ɗauka da yamma ban ɓata ba. Duk aikin da ya faɗi ɗaya daga cikin waɗannan na gida ne. Saƙa mai ado da ramuka, ko mai launuka da yawa da ake bin zane, tana cikin wannan rukuni, domin kuskure guda a layi na 12 ba za ki gan shi ba sai a layi na 20, sai a wayi gari kina tufka da warwara.

A matakin da kike, hula ce ta fi dacewa. Ki sami tsinken zagaye mai tsawon santimita 40 da kaurin milimita 4.5, da zare matsakaici, ki ɗora madaukai tsakanin 88 da 96 gwargwadon girman kai da tsaurin hannunki. Daɗin saƙar zagaye shi ne babu juyawa, madauki iri ɗaya za ki yi ta yi kina kewayawa har jikin hular ya kai tsawon da kike so. Bayan hula biyu ko uku sai ki wuce zuwa safa, wadda a wurina babu aikin hanya kamarta. Curin zaren safa na giram 100 yana da tsawon kusan mita 400, ya isa ƙafa biyu, kuma galibi kashi 75 cikin ɗari ulu ne, 25 nailan domin ƙarko. Ana saƙa ta da tsinke mai kaurin milimita 2.25 zuwa 2.75, da madaukai 60 zuwa 64 ga babban mutum. Duka aikin yana shiga aljihun jaka, kuma ni safa ƙafa biyu kan ɗauke ni mako biyu zuwa uku na zirga-zirga.

Dabarar da ta fi amfanar da ni ita ce raba aikin gida biyu. Ɗora madaukan farko, juya dunduniya, rage madaukai a tsakar hula ko a yatsun safa, duk waɗannan masu buƙatar ƙirga ne, don haka nakan yi su da dare a gida. Dogayen sassan da babu tunani a cikinsu, wato ƙwauri da tafin ƙafa da jikin hula, su nake ajiye wa hanya. Kafin in kwanta nakan duba in ga cewa aikin yana daidai wurin da gobe hannu kawai zai ci gaba, kuma in na hango dunduniya za ta riske ni a tsakiyar tafiya sai in ɗauki ɗaya ƙafar.

Game da zare, ki guji mai duhu, domin hasken cikin abin hawa ba ya nuna madaukan baƙin zare, ki kuma guji mai gashi-gashi wanda ke zubar da ƙura a jikin mutane kuma yake wuyar warwarewa. Ulu yana da talewa, yana bin hannu, shi ya sa ya fi auduga sauƙin saƙa na dogon lokaci, ita auduga ba ta miƙewa kuma tana saurin gajiyar da yatsu. Ki naɗe curin yadda zaren zai fito daga cikinsa maimakon bayansa, ki saka shi a ƙaramar jakar yadi mai zuge-zuge da za ki rataya a wuyan hannu, domin curin da ya faɗi ƙasan bas ya gama datti. A cikin jakar ki ajiye ƙaramin kwarashi na ɗauko madaukin da ya zame, da 'yan zobban alama da ake ratayawa a tsinke domin gane wuri, da guntun zare mai wani launi. Shi wannan guntun zare, wato zaren tsaro, akan zura shi ta cikin dukkan madaukan layi guda kafin a fita, ta yadda ko me ya faru warwarar ba za ta wuce nan ba. Sannan ki saba naɗe aiki tun saura tasha ɗaya ki sauka, domin yawancin ɓarnar da na gani a gaggawar sauka take faruwa.

Batun kaɗi

Kaɗi ya fi saƙa son sarari da natsuwa, kuma dole in gaya miki gaskiya cewa rabonsa a hanya bai kai na saƙa ba. Asalin aikin shi ne a ja gajerun silaila na ulu ko auduga su sirance, a sa musu murɗi, murɗin ya matse su har su riƙe juna su zama zare. Hannu ɗaya yana riƙe da ulun, ɗayan yana murza mazari yana ja, ido kuma yana kan ɗan wurin da murɗi ke haɗuwa da ulun da ba a kaɗa ba, domin a nan ake yanke kaurin zaren. Wannan kallon shi ne matsalarki ta farko tunda kina da jiri, kuma iya kaɗi ba tare da kallo ba yana ɗaukar watanni, ba makonni ba.

Mazari iri biyu ne a dunƙule. Akwai wanda ake sakewa ya rataya a jikin zaren yana juyawa a iska, akwai kuma wanda ƙasansa ke zaune a cikin ɗan ƙoƙo ko tasa ana murza shi a tsaye. Abin da ke raba su shi ne tsawon silin abin da ake kaɗawa. Silin auduga gajere ne, galibi santimita 2 zuwa 3 da ɗoriya, yana buƙatar murɗi mai yawa kafin ya yi ƙarfi, kuma ba ya jure nauyin mazari a rataye, shi ya sa ake kaɗa shi da ƙaramin mazari mai saurin juyawa a cikin tasa. Silin ulu ya fi tsawo nesa ba kusa ba, kuma yana da ƙananan ɓawo a jikinsa da ke sa shi kama ɗan'uwansa, don haka yana ɗaukar mazari mai rataya. Mai koyo ta fara da ulu matsakaici kamar na tumakin Koridel. Na Merino ya fi laushi, amma ya fi gajarta da santsi, kuma yana saurin kuɓuce wa sabon hannu.

Mazari mai rataya yana son sararin da ya kai tsawon hannu daga ƙirji zuwa ƙasa, abin da kujerar bas ba ta da shi. Hanyar da ake bi a zaune ita ce a raba aikin mataki biyu. Ki murza mazarin da ƙarfi kina danne bakin ulun da yatsu biyu har murɗi ya taru a guntun zaren da ke tsakani, sai ki tsayar da shi ki maƙale tsakanin gwiwoyinki. Yanzu hannuwanki biyu sun sami 'yanci, sai ki ja ulun ya sirance kamar tsawon yatsa, ki sassauta dannewar, ki ga murɗin ya hau da kansa kamar ruwa yana bin kwata. In ya ƙare ki naɗe zaren a jikin mazari ki sake murzawa. Da haka ake koya wa kowa kaɗi tun farko, kuma shi ne kaɗai salon da na yarda da shi a kujerar jirgi. Mazarin da na fi so a tafiya shi ne irin na Turkiyya, wanda a madadin gululu yake da sanduna biyu a gicciye. In ya faɗi ba ya gangarawa, kuma in an gama aka zare sandunan sai curin zare ya fito a naɗe. Mai nauyin giram 15 zuwa 25 ya ishe ki, domin mai nauyi yana tsinka siririn zare. Mazarin tasa kuwa na gwada shi a jirgi ya yiwu a ranakun da babu cunkoso, amma a bas kowane gargada sai ya fitar da shi daga tasar, kuma tsininsa yana kallon sama, don haka na daina.

Wurin da kaɗi ya fi yi mini daɗi shi ne tasha, a tsaye lokacin jira, inda ƙasa ba ta motsi kuma akwai sararin sakin mazari ya sauka har kusa da idon sawu. Minti goma na jira yakan ba ni zaren da ya fi na rabin awa a zaune kyau. Ki tsaga ulunki a gida zuwa siraran dogayen tsagi, ki ɗauki na rana ɗaya kawai ki naɗe a wuyan hannu, kuma kada ki dunƙule shi a tafin hannu, domin gumi da ɗumi da guga su ne ke sa ulu ya cure ya ƙi jawuwa. Wata matsala da ba a cika faɗa ba ita ce zaren safe da na yamma sukan bambanta, na safe siriri mai tsauri, na yamma da gajiya mai kauri da sako-sako. Nakan ɗaura ɗan samfurin zaren da nake so a jikin kati in riƙa gwadawa da shi kafin in fara.

Zaren da ya fito daga mazari tilo ne, kuma in aka saƙa shi haka yakan karkatar da saƙar gefe guda. Galibi ana kaɗa shi ta hannun agogo, murɗinsa ya kwanta kamar tsakiyar harafin Z, sannan a haɗa biyu a tufke su ta ɗaya ɓangaren, kamar tsakiyar harafin S, murɗin biyu su daidaita juna. Tufkar nan da wanke zaren a ruwan ɗumi da shanya shi duk aikin gida ne. Kada kuma ki sa ran yawa: ni da na saba, giram 100 na siririn zare kan cinye mini wata guda ko fiye in a hanya kaɗai nake kaɗawa. Saboda haka shawarata ita ce kada ki haɗa koyo biyu a lokaci guda. Ki bari sai hannunki ya zauna a saƙa, sannan ki yi wata guda kina kaɗi a gida, kafin mazari ya fita tare da ke.

Jama'a da jiki

Kujerar haya ta kowa ce, don haka in cunkoso ya kai ga kafaɗa tana gugar kafaɗa, ko kuma a tsaye kike, aikin ya zauna a jaka, domin hannun da ya kamata ya riƙe ƙarfe bai kamata ya riƙe tsinke ba. Ki rataya jakarki ta kuɗi da waya a jikinki ta gaba, tunda hannuwanki biyu suna cikin aiki. Mutane za su yi kallo kuma za su yi tambaya, musamman yara da tsofaffin da suka tuna iyayensu, kuma ni ina ganin wannan yana cikin ribar abin. Tun shekarar 2005 ma akwai ranar saƙa a bainar jama'a ta duniya, wadda ake yi a Asabar ta biyu ta watan Yuni, domin masu saƙa su fito su san juna.

Ki kula da wuya da wuyan hannu. Jijjiga tana sa mutum ya ƙanƙame tsinke fiye da kima bai sani ba, sai saƙar ta yi tsauri, yatsu su yi tsami. Duk bayan minti 15 ko 20 ki sauke hannu, ki buɗe yatsu, ki juya kafaɗa. In kika fara jin mutuwar yatsu ko kamar ana tsira miki allura a babban yatsa da manuni da na tsakiya, musamman da dare, ki dakata ki ga likita, domin wannan ya wuce abin da mai koyar da saƙa za ta ba da shawara a kai. Ki lura kuma cewa duk abin da na faɗa daga jirgi da manyan bas-bas na samo shi, a ƙaramar mota mai matsatsi ban taɓa ganin ya yi kyau ba.

A wannan makon, ki nemi tsinken zagaye na gora da curi ɗaya na zare mai haske, ki ɗora madaukan hula a gida ki saƙa bakinta har santimita 5, ki zura zaren tsaro, ki kuma fara atisayen kallon bango. Ranar farko da za ki fita da ita ta kasance ranar jirgi, ki saƙa tsawon tasha uku kawai ki naɗe, ki ji yadda kanki yake kafin ki ƙara a washegari.